Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Ingilishi Na Gaskatawa Da Ƙin Gaskatawa

Akwai waɗansu kalmomi guda huɗu na Ingilishi waɗanda su ke wahal da 'yan makaranta, da akawuna, da tafintoci, har da waɗansu manyan ma'aikata da suka daɗe suna cin abinci da Turanci. Kalmomin su ne "credible", da "incredible", da "credulous", da "incredulous". Wanda ya dube su a takarda sai ya ce 'yan uwa ne, kuma bai yi ƙarya ba, gama uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. In mutum ya ɗauki ɗaya ya sa a gurbin ɗaya, sai ya zagi wanda ya yi nufin yabo, ko ya yabi abin da ya yi nufin ƙaryatawa, shi kuwa bai sani ba.

Kada a ɗauka wannan gardamar malaman makaranta ce kurum. Da kalmomin nan joji ya ke aiki sa'ad da zai faɗi shaidar da ya karɓa da wadda ya ƙi. Su a ke rubutawa cikin rahoton zaɓe, da takardar shaidar hali da shugaba ya ke yi wa ma'aikacinsa, da labaran ƙasashen waje da a ke aiko wa jaridu don a juya su zuwa Hausa. Kuskuren 'yan haruffa a irin waɗannan wurare ya kan jawo asarar aiki, ko ta mutunci, ko ta shari'a. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda suka fito, da abin da kowace ta ke nufi, da yadda Turawan kansu su ke amfani da su.

INDA SUKA FITO

Harshen Ingilishi yana da gida biyu na kalmomin gaskatawa. Gida na fari nasu ne na gado, watau kalmar "believe" da 'ya'yanta, "belief", da "believable", da "unbelievable". Wannan tana bakin mutanen Ingila tun fiye da shekara 1000 da suka wuce, kuma 'yar uwar kalmar Jamusanci ce "glauben". Masana asalin harsuna sun nuna saiwarta ɗaya da "love", watau so. Ashe ga mutanen da, gaskata abu shi ne ka riƙe shi kamar abin da zuciyarka ta ke ƙauna.

Gida na biyu na aro ne. A cikin 1066 Wiliyam, sarkin Nomandi ta ƙasar Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a wajen shekara 300, har sai cikin 1362 aka yi doka a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Malaman addini da na ilmi kuwa da harshen Latin, watau harshen Rumawa na da, su ke karatu da rubutu. Ta waɗannan ƙofofi biyu dubban kalmomi suka shigo, cikinsu har da zuriyar wata kalmar Latin, "credere". Ma'anarta uku ce a haɗe: gaskata magana, da amince wa mutum, da ba shi rance. Masana da yawa suna ganin asalinta kalmomi biyu ne da aka haɗa, ɗaya tana nufin zuciya, ɗaya tana nufin ajiyewa, watau ka ajiye zuciyarka wurin wani.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Dubi imani, da amana, da aminci, da amincewa, waɗanda muka aro daga Larabci. Saiwarsu ɗaya ce, ga shi kuwa ɗaya tana zancen abin da ke cikin zuciya, ɗaya tana zancen dukiyar da aka ba ka ajiya. Haka gidan "credere" ya ke a Ingilishi.

Ba rana ɗaya 'ya'yanta suka shigo ba. "Credible" ta fara bayyana cikin littattafan Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14, "incredible" ta biyo ta ba da daɗewa ba. "Credulous" da "incredulous" kuwa sai cikin ƙarni na 16. Har wa yau akwai bambancin matsayi tsakanin gidajen nan biyu. Kalmomin gado su ne na hira da kasuwa da ɗaki, na aro su ne na ofis da kotu da littafi. Bature zai ce wa ɗansa labarin nan "believable" ne, amma a gaban joji lauya "credible" zai ce.

ABIN DA AKA JI, DA WANDA YA JI

Kowane labari yana da gefe biyu: akwai abin da aka faɗa tare da mai faɗarsa, akwai kuma wanda aka faɗa wa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe mabuɗin kalmomin nan huɗu, gama biyu na gefen farko ne, biyu na gefe na biyu. Wutsiyar kalma ce ke nuna gefen da ta ke.

Wutsiyar nan "-ible", da 'yar uwarta "-able", tana nufin abin da ya yiwu a yi masa kaza. Saboda haka "credible" shi ne abin da ya cancanci a gaskata shi, ko mutumin da ya cancanci a yarda da maganarsa. Wutsiyar "-ous" kuwa tana nufin wanda ya cika da kaza. Saboda haka "credulous" shi ne mutumin da ya cika da yarda, mai saurin gaskata duk abin da aka gaya masa ba tare da bincike ba. Ta fari yabo ce, ta biyu zargi ce.

Sa'an nan ɗan guntun nan "in-" da a ke liƙawa a goshin kalma, shi ne na korewa a Latin, kamar yadda "un-" ya ke na korewa a Ingilishin gado. "Incredible" shi ne abin da hankali ya ke jin nauyin ɗauka. "Incredulous" shi ne mutumin da ya ji abu ya kasa gaskatawa, ya saki baki, ya ce haba! Labari ba ya zama "incredulous", gama labari ba shi da zuciyar da zai yi shakka da ita. Mutum ne ke zama haka, ko fuskarsa, ko muryarsa, ko irin kallon da ya yi maka.

Ga misali. A ce wani ma'aikaci ya roƙi shugabansa takardar shaidar hali don neman aiki a wani wuri. Shugaban yana so ya ce mutumin nan abin yarda ne, sai ya rubuta shi "credulous" ne ƙwarai. To, wanda ya karanta takardar abin da zai fahimta shi ne, ga wani gaula nan, kowane ɗan damfara zai iya raba shi da kuɗin ofis. An yi nufin a taimake shi, an kashe masa kasuwa.

Mu ƙara da cewa wannan iyaka ba a yanke ta sosai ba a zamanin da. Shakespeare, babban marubucin Ingila, cikin wasansa mai suna "Twelfth Night" wanda ya rubuta wajen 1601, ya yi amfani da "incredulous" a inda Baturen yau zai ce "incredible". Amma wannan ba hujja ba ce ga ɗan makarantar yau. Harshe ya zauna a kan rabon da muka bayyana, mai duba jarrabawa kuma da shi zai yi hukunci.

ABIN GASKATAWA BA SHI NE GASKIYA BA

Yanzu mun zo ga wurin da ya fi muhimmanci, inda ko waɗanda suka iya Turanci sosai su kan yi tuntuɓe. In Bature ya ce labari "credible" ne, bai ce gaskiya ne ba. Abin da ya ce shi ne, labarin ya isa a saurare shi, a ɗauke shi da nauyi, a bincika. Gaskiyar tana iya fitowa daga baya ta tabbatar da shi, tana iya fitowa ta rushe shi.

A kotu a ke ganin wannan a fili. In joji ya ce mai shaida "credible" ne, nufinsa ya ga alamar mutumin ba ƙarya ya ke shiryawa ba, maganarsa ba ta saɓa wa kanta ba, ta kuma dace da sauran abin da aka gabatar. Amma masu shari'ar Ingilishi suna da wata kalma dabam, "reliable", wadda su ke auna ko shaidar daidai ce. Mutum yana iya zama mai gaskiya har cikin zuciyarsa, amma da dare ya ga abin, ko daga nesa, ko shekaru sun sa ya manta. Irin wannan mai shaida "credible" ne, amma shaidarsa ba "reliable" ba ce. Malamanmu na hadisi sun daɗe da sanin wannan rabo, gama ba su isar da adalcin mai ruwaya kaɗai, sai sun duba kiyayewarsa kuma.

Wani misalin yana cikin dokar Amurka ta 1996 a kan baƙi masu shiga ƙasar. Mutumin da ya iso bakin iyaka ba da takarda ba, ya ce yana tsoron a cuce shi in aka mai da shi gida, a kan fara yi masa tambayoyi a ga ko tsoron nasa "credible" ne. In an ce haka ne, ba a ba shi mafaka ke nan ba. An dai ce maganarsa ta isa a kai ta gaban mai hukunci. Tafintan da ya gaya wa irin wannan mutum an tabbatar da gaskiyarsa ya sa shi murna tun lokacinta bai yi ba.

Akwai wata kalma da ke tafiya kusa da wannan, ita ce "plausible". Ba daga gidan "credere" ta fito ba, daga wata kalmar Latin ce mai nufin tafi, irin wanda a ke yi wa mai wasa. Da ta shigo Ingilishi cikin ƙarni na 16 ma'anarta abin da ya cancanci a tafa masa. Yau tana nufin magana mai kama da gaskiya, wadda ta shiga kunne lami lafiya, ko da ba a gwada ta ba. Darajarta ba ta kai ta "credible" ba, kuma akwai 'yar shakka a ƙarƙashinta. In kuwa mutum aka kira "plausible", to, zagi ne a lulluɓe, watau mai zaƙin baki ne, a yi hankali da shi.

Tarihin Ingila yana da abin da zai nuna haɗarin magana mai kama da gaskiya. A cikin 1912 wani lauya mai sha'awar tonon kayan tarihi, Charles Dawson, ya kawo gutsattsarin ƙoƙon kai da muƙamuƙi, ya ce a wani ramin tsakuwa aka same su a Piltdown, cikin lardin Sussex. Aka ce ƙasusuwan wani mutum ne na zamanin farko. Manyan masana da yawa suka karɓa, domin abin ya yi daidai da irin abin da su ke tsammanin za a samu, ga kuma daɗin a ce a ƙasarsu aka same shi. Sai cikin 1953, bayan shekara 41, aka gwada ƙasusuwan da sababbin dabaru, aka tarar ƙoƙon na mutum ne, muƙamuƙin kuwa na wani babban biri ne da a ke kira orangutan. An goge haƙoran da magagari, an rina ƙasusuwan don su yi kama da tsofaffi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya yi tsawo. Labarin "plausible" ne, masanan da suka haɗiye shi kuwa sun zama "credulous".

ABIN DA HANKALI YA ƘI BA SHI NE ƘARYA BA

Kamar yadda "credible" ba ta nufin gaskiya, haka "incredible" ba ta nufin ƙarya. Tana faɗin yadda labari ya yi wa mai ji nauyi ne kurum. Ga abin da ya faru a Afirka ta Gabas.

A cikin watan Mayu na 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, yana tafiya daga wajen Mombasa zuwa cikin ƙasa, sai ya hangi wani babban dutse da wani farin abu a kansa. Dutsen nan shi ne Kilimanjaro, wanda ke cikin ƙasar Tanzaniya ta yau, tsawonsa mita 5,895. Rebmann ya gane farin abin nan dusar ƙanƙara ce, irin wadda ya sani a ƙasarsu. Ya rubuta labari, aka buga a Landan cikin 1849.

To, dutsen nan yana kusa ƙwarai da layin da ya raba duniya biyu, inda a ke ganin rana ta fi zafi. Wani shahararren masanin labarin ƙasa a Landan, William Desborough Cooley, ya ce sam ba shi yiwuwa. Shi kuwa ba jahili ba ne, gama cikin 1841 ya wallafa littafi a kan ƙasashen Sudan ta Yamma bisa ga abin da marubutan Larabawa suka faɗa, masana suka yaba. Amma a kan zancen Kilimanjaro ya kafe, ya yi ta rubutu yana cewa ɗan mishan ya ruɗe ne. Cikin 1861 da 1862 wani Bajamushe, Baron von der Decken, ya je dutsen har sau biyu, ya dawo ya ce ƙanƙara ce. Cikin 1889 Hans Meyer da abokin tafiyarsa suka hau har ƙololuwa, suka taka ta da ƙafafunsu. Gani ya kori ji. Tana nan har yanzu, ko da ya ke ta ragu ƙwarai bisa ga yadda Rebmann ya gan ta.

A cikin wannan labari ɗaya mai karatu zai iya sa kowace kalma a gurbinta. Labarin ƙanƙara a ƙasar zafi ya zama "incredible" ga mutanen Landan. Cooley ya zama "incredulous". Rebmann kuwa "credible" ne tun farko, gama ya gani da idonsa, ya san ƙanƙara tun yana yaro, kuma ba shi da ribar da zai ci da ƙarya. Masanan Piltdown sun ɓata saboda saurin yarda, Cooley ya ɓata saboda taurin kai. Ciwon kuwa ɗaya ne: kowannensu ya auna labari da abin da ya riga ya sa a ransa, bai auna shi da hujja ba.

MAI SAURIN YARDA

"Credulous" tana da ƙawa, ita ce "gullible", wadda ta bayyana a farkon ƙarni na 19, daga wata tsohuwar kalma mai nufin a yaudari mutum. Sun yi kusa, amma akwai ɗan rata. "Credulous" tana zancen abin da ke cikin kai, watau mutum ya gaskata abin da bai kamata ba. "Gullible" tana zancen abin da zai biyo baya, watau yana da sauƙin cuta, a karɓe masa kuɗi ko a sa shi aikin banza.

Abin lura shi ne, mai hankali ma ya kan faɗa cikin wannan in bakin da ya kawo labarin abin yarda ne. Ran 1 ga watan Afrilu 1957, ranar da Turawa su ke wasan yaudarar juna, gidan talabijin na BBC ya nuna wani iyali a kudancin ƙasar Suwizalan suna tsinkar taliya daga rassan itatuwa, a kan cewa kakar taliya ta yi kyau bana. Shirin da aka sa abin a ciki, "Panorama", na manyan labarai ne, mai bayanin kuwa Richard Dimbleby ne, wanda duk Ingila ta amince da muryarsa. A lokacin nan taliya ba ta zama abincin kowane gida ba a can. Mutane da yawa suka gaskata, har waɗansu suka buga waya suna tambayar yadda za su dasa nasu itacen. Mai faɗar "credible" ne, shi ya sa masu ji suka zama "credulous". Wannan darasi bai tsufa ba, balle yanzu da kowane labari ya ke shigowa wayar hannu da sunan wani babban gida a goshinsa.

YADDA ƘARYATAWA TA KOMA YABO

Ga wani abin da ya kan rikita mai koyo. In Baturen yau ya ɗanɗana abinci ya ce "incredible", ko ya ga ɗan ƙwallo ya ci wata ƙwallo ya ce "unbelievable", ba ƙaryatawa ya ke yi ba. Yabo ne matuƙa. Hanyar da ma'anar ta bi a fili ta ke: abin da ya fi ƙarfin a gaskata shi, sai ya zama abin mamaki, abin mamaki kuma sai ya zama abin sha'awa. A bakin mutane yau wannan ma'ana ta fi ta asali yawa. A cikin 2002 Gwamnatin Indiya ta soma tallar ƙasarta ga masu yawon buɗe ido da taken "Incredible India". Babu wanda ya fahimci cewa kada a yarda da Indiya.

Ba waɗannan kaɗai suka yi irin wannan juyi ba. "Fabulous" asalinta abin da ke cikin tatsuniya, "fantastic" asalinta abin da ke cikin mafarkin ido biyu, "terrific" asalinta abin ban tsoro. Duk sun koma yabo. Mu ma muna da irin wannan. Mu kan ce tuwon nan ya yi mugun daɗi, ko doki ya yi masifar kyau, babu kuwa mugunta ko masifa a ciki. In aka gaya wa mutum labarin alheri da bai zata ba, ya kan ce, kai, ƙarya ne! alhali murna ce ta kama shi.

Amma a kula da abu biyu. Na fari, a kotu da takardun hukuma "incredible" tana nan da ma'anarta ta da. In joji ya rubuta cewa shaidar wane "incredible" ce, bai yabe ta ba, ya jefar da ita ne. Don gudun ruɗu marubuta da yawa yanzu su kan ce "not credible" ko "implausible" in ƙaryatawa su ke nufi. Na biyu, "unbelievable" tana iya zama ta fushi. In an ɓata wa Bature rai ya girgiza kai ya faɗe ta, daidai ta ke da mu ce wannan abu ya wuce gona da iri. Murya da wurin magana su ke nuna wadda a ke nufi. Kuma juyin nan bai taɓa "credible" ba, bai taɓa "incredulous" ba, suna nan inda su ke.

SAURAN DANGI

Bari mu gaisa da sauran 'yan gidan a gurguje. "Credit" ta shigo cikin ƙarni na 16 ta hanyar fataken Italiya da Faransa. A kasuwa ita ce ba da kaya bashi, domin an amince za ka biya. A makaranta ita ce darajar da Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa cikin 1952, ta ke nunawa da C4 da C5 da C6. Ita ce dai kiredit ɗin da a ke sa wa waya. Daga gare ta aka sami "creditable", watau aikin da ya cancanci yabo daidai gwargwado. Kada a haɗa ta da "credible". Ɗan takarar da ya faɗi zaɓe amma ya sami ƙuri'a masu yawa ya yi abin da ke "creditable". Zaɓen da aka yi shi a fili, har wanda ya faɗi ya iya yarda da sakamako, shi ne "credible", wanda mu ke fassarawa sahihin zaɓe.

"Creed" ita ce aƙida, daga "credo" na Latin, watau na gaskata. "Credentials" su ne takardun da ke sa a yarda da kai, kamar waɗanda jakada ya ke miƙa wa shugaban ƙasar da aka aike shi. "Discredit" ita ce a zubar da darajar mutum ko maganarsa har a daina yarda da shi. Har "miscreant", wadda jaridun Turanci na Nijeriya su ke kiran 'yan daba da ɓata-gari da ita, 'yar gidan ce. A tsohon Faransanci ma'anarta wanda bai bi addinin mai magana ba, daga baya ta koma mugu kurum.

Sunan halin kuma huɗu ne, bisa ga kalmomin nan: "credibility" ita ce cancantar a yarda da kai, "credulity" saurin yarda, "incredulity" kasa gaskatawa, "credence" kuwa yardar da ka ba labari. Ta farin ta yi tashe a Amurka cikin shekarun 1960, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, sa'ad da 'yan jarida suka riƙa cewa akwai "credibility gap", watau gibi tsakanin abin da Gwamnati ta ke faɗa a kan yaƙin Biyetnam da abin da jama'a su ke iya gaskatawa. Da aka fallasa takardun asiri na ma'aikatar tsaron ƙasar cikin 1971, sai aka ga lalle gibin yana da dalili. Yarda kamar tulu ta ke, in ta fashe ɗinkinta da wuya.

SHAWARA GA MAI FASSARA

To, jama'a, wanda ya gamu da ɗaya daga cikin kalmomin nan, ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya sa alƙalami. Wa a ke siffantawa, mai faɗa da abin da ya faɗa, ko mai ji? A ina a ke maganar, a kotu da ofis ko a wurin hira? Kuma an ce abin gaskiya ne, ko an ce ya cancanci a saurara kurum?

Hausa ba ta rasa abin da za ta mayar da su ba. "Credible" a ce abin yarda, ko mai tushe, ko wanda hankali zai ɗauka. "Plausible" a ce mai kama da gaskiya. "Incredible" a kotu a ce abin da hankali ba zai ɗauka ba, a hira a ce abin al'ajabi, ko na ban mamaki. "Credulous" a ce mai saurin yarda. "Incredulous" a ce ya kasa gaskatawa, ko ya yi tababa. Abin da ba ya halatta shi ne a ga "credible" a rubuta an tabbatar, ko a ga "incredible" a rubuta ƙarya ce. Mai fassarar da ya yi haka ya yanke hukuncin da mai maganar bai yanke ba, ya kuma ɗora wa dubban masu karatu.

Amfanin sanin kalmomin nan bai tsaya ga cin jarrabawa ba. Wanda ya san bambancin abin da ya yi kama da gaskiya, da abin da ya cancanci a saurara, da abin da aka tabbatar, ba za a sayar masa da ƙashin biri a ce na kakansa ne ba, ba kuwa zai ƙaryata mai gaskiya don labarinsa ya yi masa baƙo ba. Allah ya ba mu kunnen ji da hankalin tantancewa, amin.